Bayan Takardar Kafinta

6 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Yaya gwiwar tata? A wasiƙarka ta ƙarshe ka ce ta daina zuwa gashin ƙafa, wai ma'aikaciyar asibitin tana mata magana kamar yarinya. Ka ce mata ni na ce ta koma, ba hira aka kai ta yi ba. Kai kuma yaya kunnen? Sau biyu na kira ka a makon jiya, kana ta tambayar wa ke magana har na haƙura. Shi ya sa na dawo ga biro da takarda, dama su ka fi so.

Mu nan lafiya lau. Maigidan yana gaishe ku, yana can ya nutse cikin takardun jarrabawar ɗalibansa.

Akwai labari. Na bar ofishin Oga tun ƙarshen watan jiya. Kayana duka kwali biyu suka cika, bayan shekara takwas. Yanzu a gida nake, ɗakin nan na baya da muke tara tarkace na share na sa teburi. Kotu ma na daina zuwa, baƙar rigar na ninke ta na sa a akwati. Aikina ya koma ta intanet gaba ɗaya. Bayanin yana da tsawo, ga direban da zai kawo maka wannan yana ta danna mini oda a ƙofa. Sai a ta gaba. Kada ka sa komai a ranka.

'Yarka

13 ga Maris

Uwata,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso ranar Laraba. Muna lafiya. Inna ta koma gashin ƙafa, amma ta ce in gaya miki ba don maganarki ba ce, ma'aikaciyar aka canza. Kunne yana nan yadda kika san shi. Na dama ya yi ritaya kamar mai shi, na hagu yana zuwa aiki ranar da ya ga dama.

Na karanta wasiƙarki sau uku. A na huɗun Inna ta ƙwace, ta ce zan huda takardar da ido.

Uwata, shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakarda a kotu. A duk zamana lauya biyu na sani da suka ninke riga suka sa a akwati da sauran ƙarfinsu. Ɗaya ciwo ne ya kwantar da shi, ɗayan kuma lasisinsa aka ƙwace. Kin ce lafiyarki ƙalau. To me ya rage?

Tun kina 'yar shekara bakwai, da mahaifinki ya rasu aka kawo ki gidan nan, na san halinki. In kika fasa kofi sai ki zo ki ce mini dama kofin ya tsufa. In wani abu ya faru a wajen aikin, ki gaya mini shi yadda yake. Kuskure ba a kanki aka fara ba. Na ga manyan lauyoyi sun manta ranar zaman kotu, na ga wanda ya shigar da fayil ɗin wata shari'a a cikin wata, duk sun ci gaba da aikinsu har furfura.

Intanet kuwa, iyakar sanina nan ne jikokin maƙwabta suke kallon kyanwa tana faɗowa daga kan firij. Ban san ana kai ƙara can ba.

Ki kwantar da hankalinki. Akwai abin da babba zai iya yi, kuma zan yi.

Kawunki

24 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna, da fatan kuna lafiya.

Jiya Oga ya kira ni. Ya ce ya sami wasiƙa mai shafi uku daga wani dattijo, ana roƙonsa ya dubi maraicina ya yafe mini ko me na yi, ya mayar da ni aiki ko da a ƙaramin matsayi ne. Ya karanta mini ita a waya, kuma ina jin dariyar mutum biyu ko uku a bayansa. Daga ƙarshe ya ce, "Ki gaya wa Kawu teburinki yana nan, dama na ce wata uku za ki yi ki dawo."

Kawu, ba korata aka yi ba. Ni na rubuta takardar barin aiki da hannuna, shi ya yi sati biyu yana lallashina. Lasisina yana nan, na sabunta shi a watan Janairu.

Shekara takwas ina zaune kusa da ƙofar ofishin nan, ina ganin waɗanda ake sallama tun daga teburin karɓar baƙi. Tela da za ta ɗauki kwangilar ɗinkin kayan makaranta tana son a duba mata takarda kafin ta sa hannu. Direba da aka sallama ba wasiƙa. Mata biyu da za su haɗa gwiwa su buɗe wajen yin sabulu. Sai a ce musu Oga ya fita, alhali yana ciki yana shan shayi, don aikinsu bai kai a hau bene saboda shi ba. Su nake yi wa aiki yanzu. Mutum zai shiga shafina ya rubuta matsalarsa, ya zaɓi lokaci, mu yi magana ta bidiyo yana shagonsa ko cikin motarsa. Ya ɗauki hoton takardunsa ya turo, in duba, in rubuta abin da ya kamata, ya sa hannu a wayarsa. In magana ta kai ga kotu, akwai ƙawata da muka yi karatu tare, ita nake miƙa wa. Ni nawa shi ne kada ta kai can.

Ba zan ce maka daɗi ne zalla ba. Bangon bayana kawai na yi wa fenti, don shi kyamara take gani, sauran ukun suna nan da zanen ruwan sama. Maƙwabciyata tana da injin niƙa, sai da na je na roƙe ta muka raba awoyi. Akwai ranar da ba wanda ya neme ni, na zauna da mayafi da tabarau ina kallon kwamfuta har la'asar. In abu ya shige mini duhu ba wanda zan leƙa ofishinsa in tambaya. Duk wannan na shirya masa. Abin da ban shirya masa ba shi ne a roƙa mini gafarar laifin da ban yi ba, a wajen mutumin da yake jiran ya ga na faɗi.

Da ka tambaye ni, ka jira amsa.

'Yarka

14 ga Mayu

Uwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ke da maigidanki haka. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta.

Sati bakwai ke nan. Na rubuta miki sau biyu na yaga. Ta farkon duk kare kaina na yi a ciki, ta biyun kuma Inna ta karanta ta ce wannan ba ban haƙuri ba ne, hukunci ne. To ga ta uku, gajera: na yi kuskure, ki yafe mini. Na ga layi ɗaya a wasiƙarki na gina masa shari'a guda, na yanke ba tare da na ji ta bakin mai ita ba. Da wani alƙali ne ya yi haka a gabana, da na yi wata ina ba da labarinsa.

Ba wannan kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Kafinta ya rasu, yau kwana ashirin da shida. Abokina na bakin titi, wanda ya haɗa miki teburin karatu lokacin da za ki shiga sakandare. Ya daɗe yana fama da rawar hannu, daga baya abin ya taɓa ƙirji. Na so in sanar da ke a lokacin, kunya ta hana ni.

Kin tuna 'yarsa, wadda yake kira Ƙusa saboda siranta da kuma yadda ba a iya cire ta daga shagon? Ita kaɗai ya bari. Shekara shida ke nan ita take riƙe da aikin, ita ke yanka, ita ke haɗawa, shi sai dai ya zauna yana gyara mata da baki. Shekara huɗu da suka wuce ya kira mu, ni da abokinmu Mai Chemis, ya rubuta takarda cewa ya ba ta shagon da injinan kyauta, muka sa hannu a matsayin shaidu. Mai Chemis ya riga shi tafiya bara.

Yanzu ƙanensa, Baffan yarinyar, ya zo ya ce takardar ƙarya ce, wannan ba sa hannun yayansa ba ne. Yana so a sayar da shagon a raba. Ranar Litinin ya zo da kwado zai rufe, Ƙusa ta zauna a bakin ƙofa da guduma a cinya, ya juya. Amma zai dawo.

Ta je ofishin lauyoyi biyu a nan. Na farko an ce mata oga ya fita. Da ta gaya mini haka sai na tashi na ɗauko wasiƙarki na sake karantawa.

Ban san yadda ake shiga layi a ofishin da ba shi da ƙofa ba. Ga lambar wayarta a ƙasa.

Kawunki

22 ga Mayu

Kawu,

Allah ya jiƙan Kafinta, ya ba ka haƙuri. Na san abin da yake a wajenka. Teburin da ya haɗa mini ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, da na yi ƙorafi ya ce da gangan ne, don kada in yi barci a kai. Na yi kuka da na karanta wasiƙarka, rabi don shi, rabi don ina can ina riƙe da fushi kai kana zaman makoki. Maganar Oga ta wuce. Ni ma ka yafe mini, harshena ya yi kaifi.

Mun yi magana da Ƙusa sau biyu. Ta jingina wayar da gwangwanin fenti, ta zagaya da ni shagon: injin yanka, injin goge katako, rumfar baya da ake ajiye itace, da gadon jariri da take kan haɗawa. Tana magana tana shafa katakon da hannu. Ta ce mini, "Anti, ni ba gini nake so ba. In aka sayar da injinan nan, hannuna aka sayar."

Ta turo mini hoton takardar, na duba ta sosai, kuma ba zan ɓoye muku ba, tana da rauni. Rubutun hannu ne. Sa hannun ya karkace, bai yi kama da na tsofaffin rasiɗansa ba. Mu mun san ciwo ne ya jawo, amma Baffa zai ce wani ne ya kwaikwaya. Ban ga alamar an yi mata rajista a ko'ina ba. Shaida ɗaya ya rasu. Saura kai, kuma kowa ya san kai amininsa ne. In aka je kotu, kai za a tsayar, lauyan Baffa ya yi ta juya ka.

Shawarar da na ba ta ita ce a nemi sulhu tun yanzu: ta riƙe injinan, a sayar da ginin a raba, ta kama haya a wani wuri. Ta ce za ta yi tunani. Na ga fuskarta, ban ji daɗin kaina ba, amma gara in gaya mata yau da ta ji a bakin alƙali.

Ka gaishe da Inna.

'Yarka

2 ga Yuni

Uwata,

Muna lafiya. Inna tana amsawa.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na karanta cewa ni za a tsayar, tsoro ya kama ni. Ba ƙarya nake tsoro ba, na ga Kafinta ya sa hannun nan da idona, sai da ya riƙe damansa da hagunsa. Kunnen nake tsoro. A ɗakin da na yi shekara talatin ina kiran shaidu da suna, a ce yau yaron lauya yana tambayata ina cewa "na'am?", ana maimaitawa, 'yan kallo suna murmushi. Na ga an yi wa tsofaffi haka, ni ma a lokacin na sunkuyar da kai na yi dariyata. Kwana biyu ina neman hanyar da zan ce miki sulhun nan shi ne daidai, don kawai in tsira.

A rana ta uku na ji kunyar kaina, na tafi shagon na ce Ƙusa ta ba ni takardar in riƙe a hannu. Ta ciro ta daga cikin leda a ƙasan akwatin kayan aiki. Na karanta, komai yadda kika faɗa. Sai na yi abin da hannuna ya saba yi da kowace takarda da aka taɓa miƙo mini, na juya bayanta.

Akwai hatimi, Uwata. A kusurwar ƙasa, tawadar ta koɗe ta koma ruwan toka, Ƙusa ta ɗauka dattin man inji ne shi ya sa ba ta ɗauki hotonsa ba. Na fita rana da gilashina na karanta lamba da kwanan wata. Kwana tara bayan mun sa hannu.

Ranar da muka sa hannun na ce masa ya kai a yi rajista. Ya ce ni dai na cika son hatimi, shi da ƙanensa ciki ɗaya suka fito, wa zai yi musu? Muka yi musu har ya ce in tashi in bar masa shago. Ashe ya je. Bai gaya mini ba har ya mutu, don kada in ce na faɗa.

Washegari na tafi ofishin rajista. Yarinyar da ke wurin ta duba kwamfuta ta ce babu. Na ce mata na shekarar nan ba a shigar da su kwamfuta ba tukuna, ta duba manyan littattafai, kuma ba ta kwanan wata za ta bi ba, ta bi lamba. Ta dube ni ta ce, "Baba, a nan ka yi aiki?" Na ce a'a, a maƙwabta. Muka same shi a littafi na uku. Sunansa, sunan Ƙusa, bayanin shagon, da sa hannunsa a gaban jami'i, karkatacce irin na takardar sak, har da dangwalen yatsa saboda jami'in ya ga hannun yana rawa. Na nemi kwafi mai hatimi, an ba ni. Ƙusa ta turo miki hotonsa, gaba da baya.

Na zauna a bencin ofishin na ɗan jima kafin na iya tashi.

Kawunki

5 ga Yuni

Kawu,

Hotunan sun iso. Na daɗe ina kallonsu.

Saura kaɗan in sa yarinyar nan ta sayar da shagon ubanta saboda ban ce ta juya takarda ba. Na kira ta na gaya mata haka da bakina, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Anti, ni da na riƙe ta shekara huɗu ma ban gane hatimi ba ne." Amma ita kafinta ce, ni ce lauya. Tun shekaranjiya na ƙara layi a shafina da manyan baƙaƙe: a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ko da bayan fari ne. Na kuma bi duk waɗanda aikinsu yake hannuna na ce su sake turowa. Maigidan ya ce in sa wa layin suna Dokar Kawu.

Na rubuta wa Baffa wasiƙa, cikin ladabi, na haɗa da kwafin rajistar. Na gayyace shi zama ranar Asabar da hantsi a shagon, ya zo da wanda yake so. Zan kasance a kwamfutar da Ƙusa za ta aro. Ina so ka je. Kada kunnen ya dame ka, duk abin da aka faɗa zan riƙa rubuta shi yana fitowa a gefen allon da manyan haruffa. Ka zauna kusa, ka taho da gilashinka.

'Yarka

12 ga Yuni

Uwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, da fatan kun tashi lafiya. Kin ga abin da ya faru ta cikin allonki, amma allon bai nuna miki komai da komai ba, bari in cika miki.

Baffa ya iso tun kafin lokaci, da surukinsa, ya ƙi zama. Da Ƙusa ta ɗora kwamfutar a kan teburin aiki ta share garin katako da gefen mayafinta, sai ya ce wa surukin, "Wai wannan ce lauyar? A talabijin?" Ban ji ba, Ƙusa ce ta gaya mini daga baya, da na ji da mun fara da wata shari'ar. Sai kika fito, kika gaishe shi, kika yi masa ta'aziyyar yayansa kafin komai. Ba ki gani ba, amma a nan ne ya jawo benci ya zauna.

Lokacin da sabis ya ɗauke kina tsakiyar magana, fuskarki ta tsaya baki a buɗe. Baffa yana riƙe da kwafin rajistar. Ya sa babban yatsansa a kan dangwalen yayansa, ya daɗe a haka. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Ko gaya mini bai yi ba." A nan kunnen hagu ya zo aiki, na ji shi, na ce masa ni ma bai gaya mini ba. Ina jin abin da ya fi ci masa rai ke nan tun farko, ba ginin ba. Da kika dawo kika ga ya sauko daga maganar sayar da shagon, kin ɗauka hujjarki ce. Hujjarki ce, amma da taimakon sabis.

Rumfar baya da Ƙusa ta ce Baffa ya riƙa ajiye kayan sana'arsa a ciki, ba ki so ba, na gani a fuskarki, kin ce ba dole ba ne a kanta. Ta sani. Ta ce mini Baffanta ne, kuma gobe in za ta yi aure shi za a nema. Kin yi daidai da kika rubuta shi a yarjejeniyar da iyakarsa, kin yi daidai kuma da kika bar ta ta yi. Sa hannu da yatsa a kan gilashin waya dai har yanzu bai kwanta mini ba. Na sa ta buga kwafi uku a takarda, kowa ya sa hannu da biro. Ki bar ni da wannan.

Rubutun da kika riƙa yi mini ban rasa kalma ɗaya ba, sai dai kin rubuta "katako" ba daidai ba sau biyu.

Jiya Ƙusa ta aiko a kira ni shagon. Na tarar ta haɗa kujera, mai hannu, da jan katako, ta goge ta har tana ɗaukar ido. Ta ce taki ce. Na ce mata lauyar da ba ta karɓar baƙi a ofis me za ta yi da kujera ta biyu? Ta ce ai akwai baƙo ɗaya da ya kamata ya je ya ga ofishin da idonsa.

Na yi magana da direba. Ya ce kujerar ba za ta shiga but ɗin motar ba, sai dai a ɗaure ta a sama. Na ce ban yarda ba, a ba ta wuri a ciki kusa da ni. Za mu taso ranar Alhamis da safe, ni da ita da Inna. Ki gaya wa mai injin niƙa ta yi haƙuri da yammacin ranar, ina so in zauna a gefe, inda kyamara ba ta gani, in ga yadda kike aiki.

Kawunki